Kada ka ɗauko kaya don an ce za a ƙara albashi

Ƙannena masu sabon shago, musamman ku da kuke bakin sakatariyar ƙaramar hukuma ko kusa da firamare, ina so ku ji abin da ya same ni a 2019 kafin ku sake jin wata sanarwa a rediyo ku garzaya kasuwa.

Kayan masarufi nake sayarwa, kuma tun farko yawancin masu saye a wajena malaman firamare ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Su ɗauki shinkafa da mai da sabulu, in rubuta a littafi, idan alat ya shigo ƙarshen wata su zo mu yi lissafi. A haka muke zaune lafiya har watan Afrilu na 2019, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 18,000 zuwa 30,000. Azumi saura 'yan makonni. Na zauna na yi lissafin dokin Rano: kowa zai samu ƙari, ga azumi, ga Sallah. Na je wajen maigidana dila na ɗauko ninkin abin da na saba, bashi, wa'adin wata biyu. Har atamfa da shadda na haɗo, sana'ar da ban san kanta ba. Duk wanda ya zo ina ce masa, "Malam, ƙara mana, ai sabon albashi na nan tafe."

Dokar nan ashe ma'aikaci na can ƙasa ta yanke wa adadi. Sauran matakai sai an zauna da ƙungiyar ƙwadago an daidaita abin da kowane mataki zai samu, kuma ko a gwamnatin tarayya ba a cimma wannan ba sai watan Oktoba. Daga nan kowace jiha ta kafa nata kwamitin. Shi kuwa malamin firamare a wutsiya yake. A lokacin, kuɗin ƙananan hukumomi daga rabon wata-wata na Abuja suke fitowa, su shiga asusun haɗin gwiwa da jiha, a can ake cire albashin malamai a miƙa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ta biya. A kowace gaɓa kuɗi na iya tsayawa. A wajenmu sai da aka ce za a yi tantancewa don zaƙulo ma'aikatan bogi, wasu masu gaskiya sunansu ya ɓace wata da watanni, ko tsohon albashin ma bai zo musu ba. Wa'adina ya cika, dila bai san wata tantancewa ba. Sai da na sayar da babur ɗina.

Da ƙarin ya zo daga baya na gane wani abu kuma. Kuɗin ma'aikaci suna da masu su tun kafin su iso. Banki yana zare bashinsa kafin mai albashi ya gani, asusun gama-kai na wajen aiki yana cire nasa, ga zubin adashi, ga mai gidan haya, ga kuɗin makarantar yara. Mai shago shi ne na ƙarshe, domin shi ne kaɗai ba ya riƙe da komai sai littafi da kunya. Ariyas, wato ƙarin watannin baya da ba a biya ba, da aka yi ta maganarsu kuwa kada ma ka sa su a lissafi sai ka ga sun shiga.

Amma asarar babur ba ita take hana ni barci ba. Akwai wani dattijon malami, shi ya koyar da ƙanina a aji huɗu. Da matsin dila ya yi min yawa, na bi shi har makaranta lokacin tara, na tsaya ina ɗaga murya a gaban yara. Bai ce komai ba sai, "Ka yi haƙuri ɗana, wallahi ba a biya mu ba." Ni ma na san ba a biya su ba. Ni na tura masa buhu na biyu da hannuna alhali rabin buhu ya zo nema. Bayan sati ya aiko da kuɗin cif, daga baya na ji tunkiyar matarsa aka kai kasuwa. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma bai sake taka shagona ba har ya yi ritaya. Kada ɗayanku ya yi wannan. Idan kai ka kwaɗaita wa mutum bashi, rabin laifin jinkirin naka ne.

A Yulin 2024 aka sake ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, a watan kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Na ga samari suna rawar kai irin tawa. Ga wani haɗari da bai kai haka ba a lokacina: tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kayan da ka bayar bashi yau, idan aka biya ka bayan wata uku, kuɗin ba za su dawo maka da irinsu daga kasuwa ba. Littafi ya nuna riba, shago kuwa yana ramewa.

Yanzu idan na ji sanarwa, wakilin ƙungiyar malamai (NUT) ko na ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi (NULGE) na yankinmu nake tambaya ko takardar umarnin biya ta fito. Ko ta fito, sai na ga sabon albashi ya shiga wata biyu a jere kafin in ƙara ko katan ɗaya. Kowane mai bashi yana da iyaka gwargwadon abin da yake saura a hannunsa bayan an gama cire-cire, kuma na kan tambaye shi wannan a keɓe, ba a gaban mutane ba. Abin da nake bayarwa bashi daga ribata yake fita, kayan dila kuwa kuɗi hannu kawai nake sayar da su. Wanda wata ya yi masa nisa na kan auna masa kwano biyu ya kai gida, mu jira alat tare.