Tsirkiyar da ta ƙi ƙirguwa

A shekarar ƙarshe ta karatu na ɗauki aikin haɗa 'yar na'urar saita jita da Arduino Uno, wani ɗan allon lantarki mai ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa umarni. A takarda abin ba wuya: makirufo ya ɗauki sauti, na'ura ta ƙirga sau nawa tsirkiya ke karkarwa a daƙiƙa ɗaya, ta ce a ɗaure ko a sassauta. Tsirkiya mafi kauri 82.4 Hz (wato karkarwa 82.4 a daƙiƙa) ake so ta ba da, mai bi mata 110, siririyar kusan 330.

Cikas na farko bai daɗe ba. Arduino ba ya karanta lantarkin da ya yi ƙasa da sifili, sai na ɗaga siginar zuwa bolt 2.5, tsakiyar ma'auninsa na 0 zuwa 1023. Na kunna sautin 440 daga waya, allo ya nuna 440. Har na fara jin kaina.

Da na kaɗa tsirkiya mai kauri kuwa, sai ga 165, can kuma lamba ta yi tsalle. Kwana uku ina zargin makirufo, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ashe tsirkiya ba murya ɗaya gare ta ba. Tare da uwar muryar akwai ninkinta biyu, da uku, da huɗu, kuma sau da yawa ninkin ya fi uwar ƙarfi a ƙaramin makirufo. Ni kuwa ƙirgata ita ce sau nawa siginar ta ƙetare tsakiya, to duk ɗan lanƙwasa sai ya shiga lissafi. Sautin wayar nan tatacce ne, shi ya rufa mini asiri.

Na koma FFT, wata dabarar lissafi mai rarrabe sauti zuwa muryoyin da ke cikinsa, nan ma na ci karo. Ma'adanar Arduinon kilobayit 2 ce kacal, ba ta ɗaukar samfurin sauti da yawa. Samfur 256 a gudun kusan 9,600 a daƙiƙa ba ya bambance muryoyin da tazararsu ba ta kai 37.5 Hz ba, alhali tsakanin E, muryar tsirkiya mafi kauri, da F mai bi mata bai kai 5 ba.

Abin da ya fisshe ni shi ne gwama siginar da kanta: a riƙa zamar da kwafinta kaɗan-kaɗan har ya hau daidai kan asalin, wannan nisan shi ne zagaye ɗaya na uwar murya. Na kuma sa ta yi watsi da farkon kaɗi, domin a lokacin tsirkiya kan ɗan haura kafin ta natsu. Ranar da allo ya tsaya a 82, sai da na kaɗa sau goma kafin na yarda.