Maganin tayirod: lokacin shan sa da alamun ya yi yawa

Ƙannena, musamman ku mata, tunda ku ciwon ya fi kamawa, ina so mu yi magana a kan ƙwayar nan ta levothyroxine da ake ba wanda tayirod ɗinsa ya yi sanyi. Tayirod wata halitta ce a gaban wuya, ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Idan sinadarin da take fitarwa ya yi ƙasa, sai kasala ta zo, da jin sanyi, da ƙiba ba dalili, da bushewar fata, da taurin bayan gida, al'ada ma ta rikice. Ƙwayar tana maye gurbin wannan sinadari ne kawai, kuma ga yawancin mutane shan ta har ƙarshen rayuwa ne. Mu da muka daɗe muna ba da ita, mun fi yin sakaci a wuri guda: mu miƙa magani mu ce "ɗaya kullum da safe", ba tare da mun bayyana abin da ke hana ta aiki ba.

Hanji ba ya tsotse wannan ƙwaya da kyau idan akwai abinci a ciki. Ki sha ta da ruwa zalla, cikinki babu komai, sannan ki jira minti 30 zuwa 60 kafin ki karya. Shayi da madara, kofi, koko, duk su jira. Dabara mai sauƙi ita ce ki ajiye ta kusa da inda kike sallah, ki haɗiye ta da asuba, kafin a dama koko lokacin ya cika. Wadda safiya ba ta yi mata ba tana iya sha lokacin kwanciya, muddin an yi awa 3 zuwa 4 da cin abincin dare. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. Awara da madarar waken suya ma suna rage shigarta jiki. Ba a hana ki ci ba, amma ki nisanta su da lokacin magani.

Inda aka fi faɗawa shi ne haɗa ta da wasu magunguna. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ayon, da na ƙarfin ƙashi mai kalsiyam, da farin ruwan nan na ƙwannafi da ake saya a kemis, duk suna manne wa ƙwayar a cikin hanji su fita da ita. A bar tazarar awa 4 tsakaninsu. Wannan ya fi shafar mai ciki: ta dawo daga awo da jajayen ƙwayoyin ƙarin jini, ta haɗa duka a tafin hannu ta kora da ruwa, a daidai lokacin da jaririn ya fi buƙatar sinadarin don ginin ƙwaƙwalwarsa. Mai ciki ba ta daina levothyroxine. Buƙatarta ma ƙaruwa take yi da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari tun makonnin farko, don haka ranar da kika ga ɓatan wata ya tabbata, ki nemi likitanki, kada ki jira ranar awo. Ana maimaita gwajin jini kusan duk mako 4 a rabin farko na cikin. Masu shan rifampicin na tarin fuka, ko carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya, su ma sukan buƙaci ƙari, domin waɗannan magunguna na sa hanta saurin ƙone sinadarin. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kuwa jininsa na iya ƙara tsinkewa.

Da maikirogiram ake auna ƙwayar levothyroxine: 25, 50, 75, 100. Matashi mai lafiyar zuciya yakan buƙaci kimanin maikirogiram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 60 wajen 100 ke nan a rana. Dattijo ko mai ciwon zuciya da 25 ake fara masa, a riƙa hawa a hankali, don kada a tayar da zuciyar da ta saba tafiya sannu.

Sai kuma haƙuri. Rabin abin da kika sha yau yana nan a jini har bayan kwana 7, shi ya sa jiki ba ya daidaita sai an yi mako 6 zuwa 8. In ban da mai ciki, yin gwajin TSH, wato gwajin jinin da ke nuna ko maganin ya yi daidai, kafin wannan lokaci ɓarnar kuɗi ce. A yawancin ɗakunan gwaji ana son lambar ta tsaya tsakanin 0.4 da 4.0, kuma a juye take tafiya: idan ta hau, magani ya yi kaɗan, idan ta faɗi ƙasa sosai, ya yi yawa. Mai shan ƙwayar biotin don gashi ta dakatar da ita aƙalla kwana 2 kafin a ɗebi jini, domin tana ruɗa na'ura ta ba da sakamakon ƙarya.

Abin da mutane ke kira illar maganin, galibi alama ce ta cewa ya wuce kima: faɗuwar gaba da bugun zuciya da sauri, rawar hannu, gumi, rashin barci, zawo, rama, saurin fushi. Ki miƙa hannuwanki gaba, ki ɗora takarda a bayan yatsu. Idan tana karkarwa, ki faɗa wa likita. Ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama kuwa, asibiti a ranar. Idan aka shekara da shekaru a haka, bugun zuciya yana rikicewa, ƙashi ya yi laushi, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Wannan ne ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana ba 'yan mata ita don rage ƙiba. Ga mai lafiyayyen tayirod, ƙaramin awo ba ya rage komai, babban awo kuma yana iya kisa. Zubar gashi a watannin farko takan faru, kuma takan tsaya da kanta, ba dalilin daina sha ba ne.

Akwai wadda lamarinta ya bambanta. Macen da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, daga baya nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, matsalarta na iya kasancewa daga wata halitta ce a ƙasan ƙwaƙwalwa. A nan TSH ba ya nuna gaskiya, kuma dole a duba kotizol, sinadarin da ke taimaka wa jiki jure wahala, tukuna, don fara levothyroxine kafin a gyara shi yana iya kayar da ita. Ki faɗa wa likita wannan tarihin ko bai tambaya ba.

Da azumi, ki sha da ruwa minti 30 zuwa 60 kafin sahur, ko lokacin kwanciya idan tazarar abinci ta samu. Idan kin manta, ki sha da zarar kin tuna, sai dai in lokacin ta gaba ya kusa. Zafi da laima suna kashe ƙarfinta, kuma kwalinta yakan ce kada a wuce digiri 25, abin da ɗakin kwano a watan Afrilu ya zarce nesa. Ki bar ta cikin ledarta ta asali, a wuri mafi sanyi a gidan, nesa da taga da murhu. Idan kemis ya canja miki kamfani, misali daga Euthyrox zuwa wani, ki rubuta ranar, ki sake gwajin TSH bayan mako 6.