Wa zai ga abin da na rubuta?

Wannan ita ce tambayar da likita ko nas ke yi a zuci kafin su faɗi damuwarsu a manhajar da aka tanada don ma'aikatan lafiya su tallafi juna. Muddin amsar ta haɗa da shugaban sashe ko ofishin kula da ma'aikata, babu mai buɗe baki. Kuma tsoron ba na banza ba ne. A Amurka, hukumomin ba da lasisi na jihohi da dama sun daɗe suna tambayar likita ko ya taɓa neman magani kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Bayan Dokta Lorna Breen, likitar da ke kula da masu cutar korona a Niyok, ta kashe kanta a Afrilun 2020, aka kafa doka da sunanta a 2022 don rage ƙyamar da ake nuna wa ma'aikatan lafiya masu neman irin wannan magani.

Saboda haka tun wajen rajista ake gina amana. A tantance cewa mutum ma'aikacin lafiya ne sau ɗaya, a ajiye wannan bayanin daban, ya shiga hira da sunan aro. Sai dai sunan aro ba ya rufa asiri a ƙaramin sashe. Wadda ta rubuta cewa ita ungozoma ce, tana aikin dare ranar Talata lokacin da aka rasa mai naƙuda, ai ta faɗi sunanta. Dole masu kula da zaure su goge rana, ɗaki da duk bayanin majinyaci kafin saƙo ya fita. Nan ne rukunin WhatsApp ke kasawa: lambar kowa a bayyane take, kuma kowa na iya ɗaukar hoton hira ya tura.

Kuskure mafi muni shi ne alƙawarin sirri ɗari bisa ɗari. A faɗi iyakarsa a shafin farko: idan mutum ya nuna zai cutar da kansa ko wani, za a nemo ƙwararre, ga kuma wanda za a kira.

Sai saurin amsa. Shirin RISE na asibitin Johns Hopkins, wanda ya fara a 2011, yana da abokan aiki horarru da ke jiran kira dare da rana, amma duk da haka kira kaɗan ya samu a shekarar farko. Nas ɗin da ta rubuta da ƙarfe uku na dare ta wayi gari ba amsa, da wuya ta sake rubutawa, kuma za ta gaya wa ƙawayenta a ɗakin canza kaya.