Zaren awon dantse da na tsinta cikin akwati

Jiya da la'asar ina birkice tsohuwar akwatina ta ƙarfe ina neman takardar fili, sai ga ɗan zaren nan na awon dantsen yara ya faɗo daga cikin wani littafin rahoto. Ya sha ƙura amma launinsa na nan, kore da ɗorawa da ja, jan shi ne alamar tamowa mai tsanani. Wallahi shaf na manta da takardar filin, na zauna bakin gado ina jujjuya shi har aka kira magariba.

Tun 2005 yake wurina. Waɗanda muka yi aikin agaji tare ba sai na tuna muku shekarar ba, fara ta sauka a 2004 ruwa kuma ya ɗauke da wuri, kafin damina ta zagayo rumbuna sun zama wayam. Abin da har yau mutanen waje ba su gane ba shi ne hatsi akwai shi, ka shiga kasuwar Dole ga buhuna nan jibge, kuɗin tiya ne ya fi ƙarfin talaka. Shugaba Tandja ya ce babu yunwa a Nijar, Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, kuma ya tako har nan Damagaram a watan Agusta ya ga yaran da idonsa, mu kuwa muna cikin katkat daga wannan ƙauye zuwa wancan muna ɗaura zare a hannuwa kamar sillen kara. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a shekarar.

A lokacin ne Plumpy'Nut ya shigo da ƙarfinsa, mata suka sa masa suna biskit. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai da bitamin cikin ƴar leda mai gram 92, ba ya son wuta ba ya son ruwa, to wanda ya san wahalar ruwa a garin nan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kafinsa sai an kwantar da yaro makonni ana ba shi madara, uwa ta bar gona ta bar sauran ƴaƴa. Da ya zo sai a ba ta na sati guda ta koma gida. Mu da ke noma gyaɗa a Matamaye da Magariya sai ga ta ta dawo mana cikin kwali, har dariya muke yi wa kanmu.

Akwai wata mata a wani ƙauye wajen Magariya, sati 3 tana karɓa amma nauyin ɗanta ya ƙi motsi. Na san abin da ke faruwa, na hau ta da faɗa gaban mutane, na ce magani ne ba abincin gida ba. Ta bari sai da na gama sannan ta ce "Malam, ƴaƴana 5, guda ka gani. In zaunar da wannan ya ci sauran na kallonsa?" Ban ba ta amsa ba, na dai duƙa na rubuta cikin littafi cewa uwa ba ta bin ƙa'ida. Littafin da zaren ya faɗo daga ciki ke nan, rubutun nawa na nan da biro shuɗi.

Mun sha taron bita a otel-otel na Yamai kan haƙƙin yara, da fardiyam da ruwan sanyi, muna karanto yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ran 20 ga Nuwamba 1989, wadda Nijar ta tabbatar a 1990, Amurka ce kawai har yau ba ta tabbatar ba. Sashe na 24 ya yi maganar abinci mai gina jiki da ruwa mai tsabta ga yaro, kowane yaro, bai ce sai wanda dantsensa ya shiga ja ba. Mu kuɗin da aka ba mu na mai ja ne kawai. Sauran ƴaƴan matar nan 4 su ne irin waɗanda ake ɗauka a nufi Aljeriya don yin bara, kamar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada a Oktoban 2013, 52 yara ne, da yawansu daga Kance.

Yanzu mu tsofaffin ma'aikata sai fada da shayi da rediyo. An ayyana yunwa a sansanin Zamzam na Sudan a Agustan 2024, an ayyana a Gaza a Agustan 2025, Amurka kuma ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025 ɗin. Wani abokina tsohon direba kullum cewa yake aikin baban giwa muka yi, ranar da mai ba da kuɗi ya juya baya komai ya koma gidan jiya. Ina yarda da shi rabi. Ɗayan rabin na Mirya ne, inda ƙungiyoyin agajin lafiya ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata su auna ƴaƴansu da kansu su danna ƙafa su ga ko akwai kumburi, aka kuma gano awonsu bai gaza na ma'aikatan lafiya ba, yau ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Wannan ilimin ba mai kwashe shi a mota ya tafi da shi. Sai dai kuma uwa ta auna ta ga ja ta taka har likita a ce mata biskit ya ƙare, nan ne bakina ke mutuwa gaban direba.

Da safen nan na ce bari in ba maƙwabciyata zaren tunda tana da goyo. Ta karɓa da hannu biyu ta duba sai ta yi murmushi, ta ce "Baba ai naka tsohon yayi ne", ta shiga ɗaki ta ɗauko nata da ke rataye a ƙusa muka jera su. Nawa jansa ya tsaya a santimita 11, nata a 11 da rabi, tun 2009 aka canza ma'aunin. Na daɗe ina kallon rabin santimitan nan, yara nawa na ɗaura wa zaren na ce wa uwarsu bai kai ba ta koma gida. Ta miƙo mini nawa ta ce in ajiye na tarihi, na mayar da shi cikin littafin, takardar filin kuma har yanzu ban gan ta ba.