Ƙarfin ƙungiyar ƙwadago yana nan ne kafin a kashe injuna

Masana'anta ba ta mutuwar farat ɗaya. Kafin a manna sunayen waɗanda za a sallama a allon sanarwa, alamu sun daɗe da bayyana. Inji ya lalace, a ƙi sayo kayan gyara, sai dai a ciro daga wani a saka masa. A soke aikin dare. Mutum ya yi ritaya, a bar gurbinsa haka nan. A shekarun da na yi ina wakiltar abokan aikina, na gane cewa a waɗannan watannin ne maganar ƙungiya take da nauyi, tun kamfani yana bukatar hannunmu. Idan an riga an yanke shawarar rufewa, wa yajin aiki zai tsorata?

Masu haƙar kwal na Birtaniya sun yi yajin aiki daga Maris 1984 zuwa Maris 1985 a ƙarƙashin shugaban ƙungiyarsu, Arthur Scargill, don hana rufe ramukan haƙa. Ina girmama juriyarsu ƙwarai. Amma gwamnatin Margaret Thatcher ta riga ta jibge kwal a tashoshin lantarki, don haka suka koma aiki ba tare da wata yarjejeniya ba, aka ci gaba da rufe ramukan ɗaya bayan ɗaya. A Jamus kuwa, tun 1951 doka ta ba ma'aikatan kwal da ƙarfe kujeru daidai da na masu hannun jari a majalisar da ke sa ido kan kamfani, saboda haka suna ganin lissafi da idonsu. A 2007 gwamnati da kamfanin haƙar kwal da ƙungiyar ma'aikatan suka amince a daina tallafa wa haƙar kwal zuwa 2018. Cikin shekaru 11 ɗin nan aka yi wa manya ritaya da wuri, aka koya wa matasa wasu sana'o'i, aka mayar da wasu inda akwai sauran aiki. Ramin ƙarƙashin ƙasa na ƙarshe, a garin Bottrop, an rufe shi a Disamba 2018.

Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, ta ce a ba wakilan ma'aikata bayani a kan lokaci, a kuma tuntuɓe su kafin sallama saboda garambawul. Yawancin ƙasashe ba su amince da ita ba, shi ya sa nake dagewa a rubuta wannan sharaɗi cikin yarjejeniyarmu da kamfani, ko da ƙarin albashin da za mu samu ya ɗan ragu. Wasu abokaina ba sa son jin haka, kuma na fahimce su, cefane ba ya jira.

Waɗanda suka fi damuna su ne 'yan kwantiragi. Inji ɗaya muke tsayawa a kai, amma su ake fara kora, babu kuɗin sallama, babu fansho, sunansu ma ba ya shiga jerin da ake mannawa. Duk zaman da muka yi da shugabannin kamfani yanzu, nakan fara tambayar su nawa ne, kuma su wa za a koya wa sababbin injuna.