Kaset ɗin mutanen Sami da shafin da bai buɗu ba

Har yau in na tuna lokacin sanyin da muka ƙarar muna gina shafin intanet da ba a taɓa buɗe shi ba, raina yakan ɓaci. Fushina yana kan waɗanda suka ba da kuɗin aikin, domin su suka gindaya sharaɗin cewa duk abin da aka kwafa sai an ɗora shi kowa ya ji, kuma ba su ware ko sisi na zuwa wurin masu muryoyin ba.

Karatu ne ya kai ni Tromso a arewacin Norwe, ta hanyar alaƙar da ke tsakanin jami'ar garin da ta Ngaundere a Kamaru tun shekarun 1990. A can na shiga wani ƙaramin aiki na ceto tsofaffin kaset da wani mai bincike ya rasu ya bari. Tatsuniyoyi ne da hirarraki da yoik, wato rerawar gargajiyar mutanen Sami, makiyayan barewar ƙanƙara da masuntan da ke zaune a Norwe da Suwidin da Finlan da yankin Kola na Rasha. Kwafa zuwa kwamfuta bai ba mu wata wahala ba. Katunan bayanin ne suka tsaya mana a wuya. Za ka ga sunan mai ɗaukar murya, da kwanan wata, har da irin na'urarsa, amma wurin sunan mai rerawa sai ka ga an rubuta "wani tsoho". Wannan ya sa muka harhaɗa kuɗin mota daga aljihunmu muka nufi Kautokeino, wani garin Sami a arewacin Norwe, da niyyar cike gurbin sunaye kawai kafin ranar buɗewa.

A wani gida, an zuba mana gahawa, an yanka busasshen naman barewa an ajiye a faranti, abokiyar aikina 'yar Sami ta kunna kaset na farko a kwamfutarta. Ko numfashi biyu mai rerawar bai ja ba, tsohuwar gidan ta ɗaga hannu aka tsayar. Ta ce ƙanen mahaifinta ne. Ta faɗi sunan mutumin da ake yi wa yoik ɗin, da dangin da ya fito, da wurin da suke kai garkensu da bazara. Ni murna nake, ina ta rubutu. Sai ta tambayi wa zai ji wannan. Da aka ce mata duniya duka, ta ture kofinta gefe ta ce a'a.

Dalilinta ya ɗauki yini kafin ya fito. Yoik na mutum ne, kamar yadda a wurinmu mutum yake da takensa da in makaɗi ya buga kowa ya san da wa ake. Wasu ne suke yi maka shi, ya bi ka har bayan ranka, kuma danginka suna da ta cewa a kansa. Ban da haka, wa'azin wani fasto ɗan Suwidin, Lars Levi Laestadius, wanda ya rasu a 1861, ya kafu ƙwarai a yankin, mabiyansa da yawa sun ɗauki yoik zunubi ne, abin mashaya. A shekarun 1950 har hana shi aka yi a makarantun yankin. Baffan nata ya rera wa baƙon ne a ɓoye, bisa cewa shi kaɗai zai saurara. Daga baya ya riƙe ibada, ya mutu yana kunyar wannan kaset. Mu kuma saura ƙiris mu saka shi inda jikokin 'yan majami'arsu za su ji a waya.

Wanda bai san tarihin wurin ba zai ce tsaurin ya yi yawa. Ni ban ga yawansa ba. A 1922 aka buɗe cibiyar nazarin launin fata a Uppsala ta Suwidin ƙarƙashin Herman Lundborg, ma'aikatanta suka yi ta auna kawunan mutanen Sami suna ɗaukar su hoto, wasu tsirara, kuma hotunan suna nan a ajiye. Gangar wani ɗan Sami, Anders Poulsen, da aka ƙwace lokacin shari'arsa ta maita a 1692 ta ƙare a Kopenhagen, sai a 2022 Danmak ta miƙa mallakarta ga gidan tarihin Sami da ke Karasjok a Norwe. Finlan ma sai a 2021 gidan tarihinta na ƙasa ya mayar da kaya sama da 2,000 ga gidan Siida na Inari. Mutanen da aka yi wa haka, in baƙo ya zo da kwamfuta yana cewa kowa zai amfana, dole su dube shi sau biyu.

Muka koma muka bi kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya, muka raba su: wanda dangi suka yarda a saki, wanda sai dangi kaɗai, da wanda za a rufe. Na sakin bai taka kara ya karya ba. Masu kuɗin suka ce ba mu cika alkawari ba, suka riƙe kason ƙarshe. Da tun farko an sa wannan tafiya a kasafi, da an yi ta kafin a taɓa ginin shafi, da watannin nan ba su salwanta ba. Wannan ne ke cina.

Duk da haka ina alfahari da katunan, domin yawancin "wani tsoho" yanzu sun sami suna da dangi da gari. Kowane gida mun kai musu kwafi a filashi. Cikin zuri'ar tsohuwar nan wani saurayi ya biyo mu har bakin mota yana roƙon nasa, yana son ya koyi yoik ɗin kakansa. Mun ce ya koma ya daidaita da ita tukuna, kuma bayan wasu makonni ita da kanta ta aiko a ba shi. Gida ɗaya ke nan da ra'ayi biyu, saboda haka sa hannun mutum ɗaya a takarda bai isa a ce dangi sun yarda ba.

Mai shirin irin wannan aiki ya nemi dangi kafin ya sayi na'ura, ya tafi da wanda ke jin yaren kuma aka san iyayensa. Ya lura da lokaci: makiyaya sukan taru a Kautokeino lokacin bikin Ista, ana ɗaure aure ana gasar yoik, bayan nan sai su bi garke zuwa bakin teku, samun su ya yi wuya. Ya kuma karanta sharaɗin masu kuɗi da kyau, in akwai tilas na sakin komai, ya sa a cire kafin ya sa hannu. Kaset ɗin da ba mu sami mai gane muryarsu ba mun bar su a rufe, kuma waɗanda za su iya ganewa duk tsofaffi ne ƙwarai, saboda haka abokiyar aikina ta ci gaba da zagaya gidaje da kuɗinta duk lokacin hutu.