Na je Tawa neman dangi, na taras da bashin kakana

Yau kwana huɗu da dawowata daga Tawa ta ƙasar Nijar, kuma duk wanda ya shigo yi mini barka da hanya sai na tsare shi da labari har shayinsa ya huce. Maiɗakina ta ce in rubuta in huta, su ma su huta.

Kakana na wajen uba, wanda unguwarmu a Zariya ke kira Baba Kofur, ɗan Boma ne. Ya yi yaƙin duniya na biyu a runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma, waɗanda Ingila ta loda a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can aka cusa su kwarin Kaladan a ƙasar Boma su kara da Japanawa. Da labarinsa muka tashi: yadda suke ɗaukar kaya a ka don mota ba ta shiga dajin, yadda jirgin sama ke jefo musu abinci da lema, da matsattsakun da ke maƙale wa mutum a ƙafa sai an ɗana musu wutar taba. In muka bi ta barikin Chindit sai ya nuna da sanda ya ce sunan ma daga can aka kwaso shi. Abu ɗaya ne ba ya taɓawa, garinsu. Mun dai san Ba'adare ne, ya shigo Sakkwato cin rani yana saurayi, ya bar ƙane a gida. Har ya rasu a 1993 bai sake taka Tawa ba. Bara wani direban motar albasa ya haɗa mahaifina da lambar jikan ƙanen nan. Gwiwoyin Baba ba za su ɗauki hanya ba, sai aka ce ni in je.

Daga Zariya zuwa Sakkwato ba abin faɗi. A Illela ne cikina ya fara ɗurar ruwa, wajen 'yan canji. Na miƙa damin naira da na ɗaure da roba, aka ba ni 'yan takardun sefa da ba su cika aljihun gaban riga ba. Jika ɗaya, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000. Ina tuna lokacin da take ɗari uku da ɗoriya, 'yan Nijar na shigowa kasuwanninmu muna yi musu kallon 'yan ƙauye. Ɗan canjin ya ga fuskata ya ce, "Alhaji, haƙuri, duniya rawar 'yan mata ce."

A wani shinge bayan mun ƙetara, wani jami'i mai baƙin tabarau ya karɓi takarduna ya yi ta zuba mini Faransanci. Na ce ban ji. Ya ƙara murya, kamar kurma aka ce masa ni ne. Ya ajiye ni a benci cikin rana kusan minti arba'in a kan hatimin katin rigakafina, wai ya dushe. Abin da ya ƙona mini rai, ina zaune wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka ya shiga hira da Hausa tsantsa wadda ta fi tawa. Da ya gama na ce, "Ranka ya daɗe, ashe dai ɗan'uwa ne." Bai yi dariya ba, amma ya wurgo mini takardun. Namu na gida ma ba kanwar lasa ba ne, sai dai su da yarenka za su tatse ka.

A Birnin Ƙonni na yi abin kunyata na farko. Na sayi dogon burodin nan nasu mai ɓawo da ƙwai da shayi, mai shayi ya ce "ɗari". Na zaro sefa 100 na miƙa ina murnar araha. Ya dube ni, ya dubi kuɗin, mutanen benci suka bushe da dariya. Ashe da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar, don haka ɗarinsu 500 ce. Har na baro ƙasar ina lissafi da yatsu kamar ɗan aji ɗaya. Acaɓa kuma kabu-kabu ne sunansa, wutar lantarki kuran.

Hanyar Tawa ta fi kilomita 120, a karkata arewa daga Tsarnawa a bi ta Badagishiri. Duwatsu jajaye, tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, sai kwari jefi-jefi cike da lambun albasa. Na yi barci rabin hanya.

A tasha na kira lambar, wani yaro ya ɗauka ya ce, "Mushe na nan tahe." Na ce inna lillahi, wane irin mushe? Ashe haka suke kiran malamin makaranta, daga kalmar Faransanci. Ga shi kuwa ya iso a kan babur, dogo, siriri, da allin aji a hannun rigarsa. Ban buƙaci a ce mini shi ne ba. Kunnuwan gidanmu ne a kansa, manyan nan masu buɗewa da ake tsokanarmu da su tun muna firamare.

Gidan na cikin tsohon gari ne, gini na ƙasa da zaure. An yanka mini zabi biyu, an dama fura da nono mai kauri wadda rabona da irinta tun rasuwar kakata, ga cuku a gefe a ci da shayi. Karamci dai sai Adarawa. Ba wanda ya tambaye ni kwana nawa zan yi, ba kuma wanda ya ɗauko zancen da ya kawo ni, sai bayan isha'i, da aka kai ni ɗakin Gwaggo.

Gwaggo ita ce babbar 'yar ƙanen kakana, ta haura saba'in da biyar, ido ya yi rauni amma baki garau. Ta kama fuskata da hannu biyu ta shafa har kunnuwa, ta ce, "Wanga namu na, babu gardama." Sai ta sa aka jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado.

Zan faɗi abin da ke ciki yadda na gan shi a hasken fitilar waya. Jar dara wadda asu ya huda wuri uku, ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Lambobin yabo biyu, ƙyallen ɗaya ya rube an ɗaure shi da zaren buhu. Cokalin ƙarfe da aka kankare bakinsa ya zama wuƙa. Sai ɗan littafin soja a naɗe cikin leda uku, bangonsa ya yi laushi kamar tsumma, a ciki hoton saurayi mai tsagar fuska ya zaro ido, da tambarin babban yatsansa a inda ake sa hannu. A layin sana'a an rubuta manomi. Baba Kofur ma yana da jar dara irin wannan, ta fareti. Turawa biyu da ba sa jin yaren juna, hula ɗaya suka kifa wa 'ya'yan mutum ɗaya.

Mushe ya karanta mini littafin yana fassarawa. An ɗauke shi a 1939, cikin sojan da Faransa ke kira tirayer na Senegal, ko da yake sunan ne kawai na Senegal, daga duk ƙasashen da ta mallaka a yammacin Afirka take kwasarsu tun da aka kafa rundunar a 1857. A watan Yunin 1940 da Jamus ta murƙushe Faransa aka kama shi. Jamusawa ba su son baƙaƙen fursunoni a ƙasarsu, sai suka tsare su a sansanoni cikin Faransa ɗin kanta, suna aikin gona da sarar itace, shekara huɗu. Mushe ya ce kakan nasa ya yi sa'a, don a wurare irin su Chasselay ware baƙaƙen aka yi daga cikin fararen aka harbe.

Gwaggo ba ruwanta da shekaru da sunayen garuruwa. Abin da ta riƙe daban ne. Yatsun ƙafarsa biyu sanyi ya cinye su, shi ya sa ko cikin bazarar Tawa, wadda ke narkar da kwalta, da safa yake kwana. Bai yarda a shigo masa da dankalin turawa gida ba har ya mutu. Kullum da asuba sai ya jera su a tsakar gida ya daka musu "gardabu!" ya duba farce da haƙora. In ransa ya ɓaci da Faransanci yake zagi, don kada mala'iku su rubuta, in ji shi. Yaran unguwa na bin sa suna sara masa suna kiran Kafaran, wato dai kofur ɗinmu. Na yi dariya har da ƙwalla, don Baba Kofur ma haka yake mana da lef-rai a ƙofar gida.

Cikin dariyar nan ne na ce, Allah sarki, da kakana bai tafi cin rani ba da wataƙila tare za a kwashe su. Ɗakin ya yi tsit. Gwaggo ta juyo da fuskarta inda muryata take.

"Cin rani? Haka ya gaya muku?"

Na ce haka muka sani.

"Ɗana, shi anka rubuta. Kumandan ya aiko ma sarki shi ba da samari, sunan kakanka ya hito. Cikin dare ya sulale ya ƙetara Ingilishi. Da sahe dogarai sunka zo, sunka ɗaure tsohonsu ga rana. Sai babana ya ce a kwance shi, shi za shi tahi. Ko gemu bai yi ba."

Ba da zafi ta faɗa ba, kamar mai ba da labarin farashin gero. Ni kuwa furar da na sha ta tsaya mini a ƙirji. Mushe ya yi ƙoƙarin sassautawa, ya ce ai dubban mutane sun yi haka, garuruwa sukutum sun tsallaka iyaka gudun soja da aikin tilas. Gwaggo ta katse shi. Ta ce labari ya iso musu daga bakin fatake cewa mai gudun ma Ingilishi sun sa masa kaki a Sakkwato sun kai shi wata uwa duniya. Ta ce ranar da babanta ya ji, bayan dawowarsa, dariya ya yi har ya riƙe ciki, ya ce an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ya aika masa saƙo sau biyu ya zo gida, ba komai. Bai zo ba. Na tuna yadda Baba Kofur ke tashi ya bar wurin in mai tallan albasa ya ce shi ɗan Tawa ne. Mu muna cewa tsufa ne.

Na tambayi fansho, don a gidanmu ma tsohon miki ne. Nan Mushe ya gyara zama, da gani ya sha yin wannan karatun a aji. Ya ce kakansa bai cikin waɗanda sojan Faransa suka buɗe wa wuta a barikin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, tsofaffin fursunoni irinsa da laifinsu kawai neman kuɗinsu. Jirginsa daga baya ya iso, amma labarin ya riga shi, don haka abin da aka miƙa masa ya karɓa bakinsa alaikum. Faransa ta ce mutum 35 suka mutu a wurin, masu bincike na cewa sun ninka haka sau da yawa. Sannan a ƙarshen 1959, ana jajiberin 'yancin kai, ta yi doka ta daskarar da fanshon mazan jiyan Afirka a inda yake. Na Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya yana hawa, nasu na tsaye kamar dutse. Sai a 2001 wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya ci shari'a a kan haka, shi ma bayan ransa, kuma ba a daidaita kuɗin gaba ɗaya ba sai 2011. Kafaran ya rasu tun zamanin shugaban Nijar Seyni Kountché, wanda shi kansa kakin Faransa ya fara sawa, ya yi Indocin, wato yankin Vietnam, da Aljeriya. Gwaggo ta ce ranar biya sai ya sa darar nan da lambobinsa ya tafi da ƙafa, ya dawo da buhun gero guda da sukari, kuɗi sun ƙare.

Ban san lokacin da na ce, "Gwaggo, a yafe masa." Ta ce, "Wa za ni yahe ma? Mai abin ya yahe tun ban yi wayo ba. Kai dai gobe ka tai ka gaishe shi."

Da safe muka je maƙabarta. Tudun ƙasa ne da fasasshiyar tukunya a kai, ba suna. Mushe ne ya gane shi da wata bishiyar aduwa. Na yi addu'a ga su biyun.

Ranar Lahadi aka kai ni kasuwa. Buzaye da raƙuma, Fulani da shanu, takalman fata masu kyau. Na taya wani takalmi, mai shi ya ji Hausata ya ninka kuɗin nan take, wai 'yan Najeriya masu kuɗi ne. Na ce wannan labarin ya tsufa. Sai da Mushe ya sa baki ya dawo jika huɗu. Kilishinsu ya fi namu taushi, yaji kuma bai kai namu ba, duk abin da za su faɗa su faɗa. Abu ɗaya na yaba: ba mai yi maka ihu a tasha yana fizgar jakarka.

Na so in bar wa Gwaggo 'yan kuɗi, ta ƙi, ta ce a sayo wa mahaifina maganin gwiwa. Ita ce ma ta cusa mini cuku da ƙullin yaji a jaka. Littafin sojan ba ta ba ni ba, ni ma ban roƙa ba, hotonsa na ɗauka shafi-shafi.

Dawowa ba wani abu. Mai baƙin tabarau ba ya kan aiki. Na kwana Sakkwato, mota ta lalace mana a Gusau, na iso Zariya da daddare.

Washegari na kai wa Baba wayar. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallon saurayin mai zaro ido, yana buɗa hoton da yatsu. Ya tambaye ni ko sun faɗi dalilin da ya hana tsoho komawa gida. Ƙannena na zaune, jikoki na kai da kawowa. Na ce sai an watse.